Daɓen Ouma Spaas Bai Tashi Ba

Kweperdal, Tulbagh
9 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Lenie,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin hawan jinin nan, ya raya jaririyar da 'yarki Elsabe ta haifa. Na ga hotonta, hancin gidanmu ne sak, ba wanda zai yi mana gardama. Mu nan lafiya lau. Gwiwata ce dai ke ta gunaguni, yayanmu Gawie kuwa haƙoransa sun ƙare amma bakin na nan yadda kika bar shi.

Abin da ya sa na zauna rubutu, maimakon wayar nan da ke yanke mana magana, shi ne labarin tsohon kicin na babban gida. Kin san an sayar da gonar bara wa wata Madam Rabie daga Johannesburg, ta mai da gidan masaukin baƙi. Ba zan ci zalinta ba, ta kashe ƙarfinta. An sake rufin ciyawa, an shafe bango da farar ƙasa, ɗakin matse inabi ya zama wurin cin abinci, bargar dawakai ta zama ɗakunan kwana. Har ƙararrawar da ake kiran kakanninmu aiki da ita lokacin bauta an goge ta, baƙi na ɗaukar hoto a ƙarƙashinta suna dariya. A bakin ƙofa kuma an kafa allo mai tarihin gidan tun 1788, da sunayen masu gona bakwai. Na karanta shi sau biyu, ban ga sunan ko mutum ɗaya na gidanmu na Jafta ba, sai ka ce gine-ginen tsirowa suka yi kamar kabewa. Goshin gidan da ya zube a girgizar ƙasa ta sittin da tara, wanda Baba ya sake ɗagawa da hannunsa, an rubuta kawai "aka gyara". Na haɗiye kawai.

To, daɓen kicin fa, na ƙwallayen 'ya'yan itacen perske, wanda kakarmu Ouma Spaas ta gada daga kakarta? Masu sharar da aka ɗauko daga gari suka dinga wanke shi da ruwa da sabulu kullum safiya. Daɓen yumɓu da kashin shanu, Lenie, da ruwa! Ko akuyar gidan nan ta san kakin zuma ake goga masa. Cikin wata uku ƙwallayen suka fara fita, wari ya tashi, baƙi suka yi ƙorafi. Magini ya zo ya taka, ya ce ya ruɓe, kuma ba sauran mai iya irinsa a duniya, ranar Litinin za a farfashe shi a zuba siminti.

Litinin da safe na sa rigar coci, na ɗauki kujerata na dasa a tsakiyar kicin. Maginin ya ce, "Haba Tannie, tashi mana, aiki za mu yi." Na ce masa ɗana, in za ka zuba simintin ka zuba har da ni, dama ina neman abin da zai riƙe mini gwiwa. Aka kira Madam, ta zo tana faɗa a hankali irin na masu ilimi, wai ta fahimci yadda nake ji. Na ce ba ki fahimta ba tukuna, ranki ya daɗe, amma tsuguna nan bakin ƙofa ki gani. Na nuna mata layin nan na ƙwallayen da aka kafa a tsaye, ba a kwance kamar sauran ba. Ta ce ta ɗauka kuskuren mai aiki ne. Na ce kowane ɗaya haihuwa ce a gidanmu, kakar jariri ce ke danna shi da babban yatsanta. Na ɗora yatsa na fara kira: Spaas, Adoons, Mietjie da ta mutu a goye, Baba, har na zo kan Gawie, ni, ke, da yaranmu. Arba'in da ɗaya, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da na ɗago, sai na ga maginin ya cire hularsa. Madam ta miƙe, ta ce ta ba ni wata ɗaya, in bai yiwu ba siminti na nan.

Ranar Lahadi na tashi a coci na roƙi ƙwallo, ba kuɗi ba. Lokacin shanyar perske ne, sai ga matan gonaki huɗu da buhuna. Gawie ya ce shi ma zai taimaka, ya zauna ya ci perske har cikinsa ya ɓaci kwana biyu, yana cewa a rubuta a allo shi ma ya sha wuya saboda tarihi. Muka haƙo ƙasar suri, muka kwaɓa da ƙafa, muka goge tsinin ƙwallayen a dutse ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan jinin bijimi da ake shafa wa daɓen, Madam ta toshe hanci. Gawie ya ce mata, "Ah ah, Madam, baƙinki da ke cin nama jini na ɗiga, su ne za su ji ƙyamar takawa?" Ta yi dariya har ta karɓi tsumma.

Kwana ashirin da shida muka yi. Na durƙusa har gwiwar ta daina gunaguni ta koma ihu. Amma ki zo ki gani, yana sheƙi ja-ja-wur kamar yadda aka ce ya yi ranar auren Mama. Jiya aka kawo sabon allo, a ƙasa an rubuta: matan gidan Jafta ne suka yi wannan daɓe, su ke kula da shi har yau. Na tsaya gabansa na yi kuka, ban ɓoye ba, alfahari ne ya cika ni.

Saura abu ɗaya. A ƙarshen layin na bar rami na arba'in da biyu, na toshe shi da ɗan itace. Madam ta ce in danna na jaririyar kawai in aiko miki hoto. Na ce ba haka ake yi ba, yatsan kakarta ne, ni kuwa ba kakarta ba ce. Shekara tara ke nan kina ce mini baɗi za ki zo, Lenie. Ƙwallon na cikin gwangwanin shayi, na riga na goge tsininsa.

Ki gaishe da maigidanki Fanie, da Elsabe da mijinta, ki shafa mini kan jaririya. Gawie na gaisuwa, da matan coci duka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, kafin wani baƙo ya yi tuntuɓe da itacen nan.

Taki har kullum,
yayarki Magrieta Jafta