Baba da Hayaƙin Na Ƙasa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya ƙara wa gwiwar nan taka sauƙi, ya kuma rage maka taurin kai ka riƙa shan maganin da aka rubuta maka. Mu nan sai godiya. An mayar da baban yara aikin safe, don haka yanzu muna ganin fuskarsa da hasken rana. Babbar 'yarka ta gama jarrabawa, tana nan tana ƙarar mini da zare da sunan koyon ɗinki. Ƙaramar kuwa haƙoranta na gaba sun zube, ba ta yarda ta yi dariya a gaban baƙi. Ɗinki yana tafiya daidai gwargwado.

Saƙonka ya iso ta bakin Goggo, cewa mu nemi wani gida mu tashi da Baba, tunda ka ji labarin hayaƙin taba a benen da muke haya. Na zaɓi in rubuto maimakon in kira ka, domin ka san sashen namu ɗaki biyu ne da falo, kunnen Baba kuma shi kaɗai ne abin da bai tsufa ba a jikinsa. Goggo rabin labarin ta kawo maka. Ga shi daga farko, in ka gama karantawa sai ka faɗi abin da ka gani.

Ka tuna abin da likita ya ce ranar da aka sallame shi: huhunsa ya gaji, kada ya ƙara shan taba, ko hayaƙin wani ma kada ya shaƙa, domin in ya sake kwanciya irin waccan ba lallai ne ya tashi ba. Baba ya rantse a gabanmu, kuma ya riƙe rantsuwarsa. Na laluba aljihunansa, na ɗaga katifa, na leƙa har cikin takalmi, ban taɓa samun ko guntun kara ba. Mu kuma a hawa na uku muke, matakalar ta fi ƙarfin numfashinsa, saboda haka duniyarsa ta koma ɗaki, da falo, da 'yar barandar baya inda nake shanya. Barandar ba ta da wani faɗi, in ka ajiye kujera da bokiti ta cika. Shi ya nemi a kai masa kujera can. Kullum in ya yi la'asar sai ya ja sandarsa ya fita, ya rufo ƙofa, wai ƙarar keken ɗinkina tana hawa masa kai. Ni har murna nake yi, ina cewa tsohon ya koyi shan iska.

Sai dai tarin ya ƙi tafiya. Duk ranar asibiti baban yara ne ke goya shi ya sauko da shi, likita ya kasa kunne a ƙirjinsa, sannan ya ɗago ya dube ni kamar ni ce ke sayo masa tabar. Na san dai ruwa ba ya tsami banza, amma ban san ta inda zan kama ba. Wata mai kawo mini ɗinki ce ta buɗe mini ido. Ta zo karɓar rigarta, wadda na wanke mata alli na shanya a baranda, ta kai ta hanci, sannan ta tambaye ni cikin ladabi ko maigidan nawa yana ɗan taɓawa ne. Da yammar ranar na tsayar da keken, na buɗe ƙofar barandar a hankali. Na tarar da Baba ya matso da kujerarsa jikin ƙarfen barandar, ya ɗora haɓa a kai, ya lumshe ido. Hayaƙi yana tasowa daga barandar da ke ƙarƙashin tamu, yana zuwa daidai fuskarsa, shi kuma yana ja a hankali kamar mai jin ƙamshin miyar maƙwabta. Daga ƙasa wata murya tana ba da labarin tirelar da birki ya ƙwace mata a kan tudu, Baba yana amsawa, yana tambayar sai aka yi yaya.

Mai muryar tsohon direban tirela ne da ya ajiye tuƙi. Matarsa ta rasu, yana zaune da ɗansa, wanda ke fita da safe sai duhu ya dawo, kuma ya hana shi kunna taba a cikin ɗaki. Ashe sun daɗe suna wannan hira, ba tare da ɗaya ya taɓa ganin fuskar ɗaya ba, tunda daɓenmu shi ne rufinsa. Ko sunan juna ba su tambaya ba. Shi yana kiran Baba Na Sama, Baba yana kiran shi Na Ƙasa. Da na yi wa Baba magana, ko gezau bai yi ba. Ya ce shi dai ya rantse ba zai sa taba a baki ba, bai kuma sa ba, abin da iska ta kawo kuwa sai in je in tambayi iska. Ka san Baba da gardama.

Na sauka na sami direban, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da likita ya ce. Ya saurare ni har na gama. Ya ce ya ji, Allah ya ba da lafiya, amma ɗaki an hana shi, barandar kuma tana cikin abin da suka kama haya, to ina zai je? Ya ƙara da cewa Na Sama bai taɓa yi masa ƙorafi ba. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Sai na kai maganar wurin mai kula da ginin, a nan na gane ba ni kaɗai ba ce. Wata nas da ke hawa na huɗu tana da jariri, hayaƙin yana shigar mata ta tagar banɗaki. Wani malamin makaranta ya gaji da samarin da ke tsayawa a matakala suna busawa. Aka tara 'yan haya a tsakar gida, aka sha musu. Wani ya ce ɗakin mutum nasa ne, ba wanda zai gaya masa abin da zai yi a ciki. Nas ɗin ta ce ɗakin nasa ne, amma iskar ta kowa ce, hayaƙi kuma ba ya tsayawa ya yi sallama a ƙofa. Daga ƙarshe mai kula da ginin ya yanke cewa ba a matakala, ba a baranda, ba a bakin taga. Aka ajiye benci a gaban gida, can kusa da tankin ruwa, duk mai sha ya je can. Direban yana wurin taron, kuma tun daga ranar bai ƙara kunnawa a baranda ba. Wannan shaida dole in ba shi.

Shanyata ta daina wari, jaririn nas ya sami barci, tarin Baba ya fara lafawa. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Lokacin da direban ya saba zama a baranda, yanzu a benci yake yin sa, bencin kuma ba a hango shi daga baya. Baba ya ci gaba da fita bayan la'asar, ya yi gyaran murya, ya ƙwanƙwasa daɓe da sanda, ba mai amsawa. Daga baya ya daina fita. Ya daina kunna rediyo, abinci sai ya taɓa ya ture. Bai yi mini faɗa ba, bai ma yi gardama da kowa ba, kai kuwa ka san in Baba ya bar gardama to ba lafiya ba. Da muka koma asibiti likita ya yaba ƙirjin, da ya ɗora shi a ma'auni kuma ya ɓata fuska. A wannan tsakanin ne Goggo ta zo ta gan shi a rame, ta ji ana maganar hayaƙi, ta haɗa biyun ta aiko maka.

Ban yi nadamar dokar ba, ko gobe aka sake taro zan ɗaga hannu. Amma raina ya ɓaci, domin ba mu fito da shi daga asibiti don ya zauna yana kallon bango ba. Na je bencin na roƙi direban ya hawo ya gaishe shi. Washegari sai ga shi, ya yi wanka, ya sa riga mai guga. Suka gaisa, suka tsaya kallon juna. Baba ya zaci zai ga ƙato, sai ya ga ɗan siririn tsoho wanda kujerar falo ta kusa haɗiyewa. Suka tambayi lafiya, suka tambayi gajiya, suka sake tambayar lafiya. Shayin da na kawo ya huce, direban yana ta juya kwalin ashana a hannu, har ya yi sallama ya tafi. Baba ya ce mini wannan ba shi ba ne, an dai aiko wani. Na ɗauka magana ta mutu ke nan.

Kwana ɗaya tsakani, bayan la'asar, ina kan keke na ji ana buga daɓen barandar daga ƙasa da sandar tsintsiya, murya tana cewa, "Na Sama, kana nan?" Rabon da in ga Baba ya miƙe da irin wannan sauri tun kafin ciwon, sandarsa ma a falo ya bar ta. Na bi shi, na tsaya bakin ƙofa ina baza hanci, ban ji hayaƙi ba. Ashe direban sai da ya fara zuwa benci ya sha abinsa, sannan ya hawo ya zauna a barandarsa yana tauna tsinken ashana. Ya ɗauko labarin tirelar daidai inda ya tsaya. Haka suke yi har yau. Yakan daure iya daurewarsa, in muryarsa ta fara gajarta Baba ne da kansa ke cewa ya sauka ya je benci ya dawo.

Ran nan ina yanke wa Baba farce na tambaye shi tsakaninsa da Allah, me ke fitar da shi barandar nan tun farko. Sai da na gama hannu ɗaya, sannan ya ce, "Da farko hayaƙin nake bi, ba zan yi miki ƙarya ba. Daga baya ko ya kunna, labarin nake jira." A nan na faɗa masa saƙonka. Ya ce in gode maka, kuma duk gidan da ka samo ya yarda, muddin Na Ƙasa yana ƙarƙashinsa.

Don haka, Yaya, ba za mu tashi ba, sai dai in kana da wata hujjar da ban gani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba ina ce maka ya warke ba ne. Likita ya ce huhun ba zai koma yadda yake ba, abin da ya rage muke tattali. Amma hayaƙi ba ya iso shi yanzu, yana cinye abincinsa, jiya ma har ya yi gardama da baban yara a kan yadda ake gyaran famfo, alhali bai taɓa gyara famfo ba a rayuwarsa.

Ka gaishe mini da matarka, ka ce yadin da ta aiko ya isa riga da ɗankwali, saura ma ya rage. Ka gaishe da Kawu da jiki, da tagwayenka, da autarka mai surutu. Baban yara da 'ya'yanka suna gaishe ku. Na so Baba ya faɗi wani abu in rubuta maka da bakinsa, amma la'asar ta yi, ya fita baranda, tirelar kuma har yanzu ba ta kai gindin tudun ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka.