Fentin Azurfa a Jikin Yero

Sabon Birni,
9 ga Afrilu, 1985.

Zuwa ga uwargidana Rahmatu,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Kande da ƙannenta. Yaya baƙunta a Gusau? Tarin 'yarmu Safiyatu ya sake ta kuwa? Ki gaishe mini da yayanki Alhaji Ibrahima, ki ƙara yi mishi godiya da ya karɓe ku har Allah ya kawo damina.

Nan kam sai haƙuri. Gulbi ya ƙafe, mata na tonon yashi kafin su cika tulu guda. Ajina saura yara goma sha ɗaya, sauran sun bi iyayensu cin rani. Makiyaya sun yi sansani bayan Unguwar Lalle, cikinsu har da Yero da ya riƙa kiwon shanunmu a da. Shanu sittin ya shiga fari da su, yanzu saura uku.

Ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kin tuna Lawwali ɗan Kamarawa, wanda na koyar a aji bakwai, mai yawan tambaya? Ashe bayan jami'a Turai ya tafi ya karanto aikin fim. Jiya ya yi mini sallama da motoci biyu da mutane wajen ashirin, sun sauka a garin Isa. Yana shigowa ya durƙusa, ya fiddo littafina daga jaka, Makiyayin Gizagizai, wancan da na rubuta bayan yunwar saba'in da uku, wanda kika ce beraye kaɗai ke karanta shi a akwati. Ya ce shi yake so ya mayar fim.

Rahmatu, ba ni ɓoye miki, kaina ya yi girma. Mun zauna a zaure har la'asar. Ya ce manyan finafinan kumbo da taurari da ake nunawa a sinima, kusan duk daga littattafai anka ciro su, su ma littattafan daga tsoffin tatsuniyoyi sunka sha. Na ce haka nawa yake. Rabinsa daga bakin kakata na ji, rabi daga littattafan tafiya duniyar wata da na karanta a kwalejin malamai. Shi kuwa tsohon makiyayin da ya ƙera kumbo ya hau sama neman inda anka tsare gizagizai, ai Yero nake gani ina rubuta shi. Ya yi dariya ya ce to sai a sa Yero a fim ɗin.

Ya roƙe ni in raka su wurin makiyaya, tunda sun san ni. Za a ba kowa gero a kan aikin yini. Na ga taimako ne, na amsa. Gobe za ni kai su.

Ki shafa mini kan yara.

Naki,
Maliki.


Sabon Birni,
21 ga Afrilu, 1985.

Zuwa ga Rahmatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, da kuka da daddawar da kika aiko. Na ji daɗin Safiyatu ta samu sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Ina lafiya a jiki, amma raina a ɓace yake, kuma ba ni da wanda za ni faɗa wa sai ke.

Kin yi mini murna a kan fim. Ajiye murnar.

Ranar da munka je sansani, na ɗauka Lawwali zai zauna ya ji ta bakin mutane. Sai ya sa anka jera maza a rana, ya ce su tuɓe riguna. Yana bi yana dubawa kamar mai sayen awaki ranar kasuwa. Wanda haƙarƙarinsa ya fito sosai a ware shi gefe, wanda ke da sauran tsoka a ce ya tafi. Ni ne ke maida magana, da bakina na ce wa dattijai su ɗaga hannu a ga hammatarsu. Mutum goma sha biyu ya zaɓa, Yero ne na farko. Da na tambaye shi dalili, ya ce su ne za su fito a matsayin halittun wata duniya, masu jikin ƙarfe da sunka sace gizagizai, kuma irin wannan rama ba kwalliyar da za ta iya kawo ta. Murna yake yi da ramar, Rahmatu. Ya ce da bara ya zo da bai samu haka ba.

Shi kuwa makiyayin littafin nawa, wani ƙato mai tumbi sunka ɗauko daga birni, bai san inda ake kama saniya a tatsa ba. An sa mishi malafa irin ta masu dawakin finafinan Amurka, an ba shi bindigar roba mai fitila a baki. Akwai wata yarinya da ke fitowa daga cikin kumbo ta yi rawa irin ta fim ɗin Indiya. Kumbon kansa tsohuwar akori-kura ce anka lulluɓe da kwanon rufi. A tsakiyar faɗa sai jarumin ya juyo ya dubi na'urar ɗaukar hoto ya kashe ido, wai don mai kallo ya tuna wasa ne.

Na ja Lawwali gefe na ce ban ga littafina a nan ba. A littafina ba a harbi kowa ba. Tsohon ya isa ya yi roƙo, anka tambaye shi abin da mutanensa za su yi da ruwa, ya faɗi yadda ake raba ƙwarya guda tsakanin baƙo da yaro da maraƙi. Lawwali ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce, “Malam, zamanin wannan ya wuce. Yau babu sabon labari. Kowa tsintowa yake daga nan da can ya haɗa, yana yi yana dariyar abin da ya haɗa. Littafinka ƙyalle ɗaya ne cikin ƙyallaye.”

Na ce to yunwar fa, ita ma ƙyalle ce? Ya ce in bar mishi wannan, aikinsa ne.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne mushe. Kin san hanyar Unguwar Lalle cike take da gawar dabbobi. Ya sa anka jawo su da igiya, anka shirya su layi-layi yadda za su yi kyau a hoto. Yero ya gane nasa a ciki, wata jar saniya da ya raina tun tana maraƙa. Ya tsaya kanta ya daɗe. Wani cikin ma'aikatan ya daka mishi tsawa ya matsa, yana tare haske. Ga wari, ga ƙudaje, su kuma suna zaune a inuwar mota suna shan lemon kwalba mai sanyi.

Kwalliyar azurfa da sunka zo da ita ta ƙare a kwana na uku da fara ɗaukar fim. Shekaranjiya sai na ga an sayo gwangwanin fentin kwanon rufi daga kasuwar Isa, ana shafa wa mutane da burushi tun daga goshi har ƙafa, a kifa musu garwar da anka huda wa ido a ka, a tsayar da su a rana. Na ce wannan fenti ba na jikin mutum ba ne. Anka ce za a wanke musu da an gama.

Za ki ce me ya hana ni janyewa. Geron nan shi ke riƙe da gidaje goma sha biyu. Inno matar Yero ta tare ni ta yi mini godiya har da hawaye. Ban da wannan kuma, gaskiya, akwai son in ga sunana a bangon sinima. Na duba zuciyata na same shi a ciki, kuma ƙyamar kaina ta fi ƙyamar Lawwali.

Jibi za a ɗauki ƙarshen fim, inda ruwa ke sauka. An ce tankar ruwa na tafe daga Sakkwato.

Ki sa ni a addu'a. Gaida Alhaji da iyalinsa.

Mijinki,
Maliki.


Sabon Birni,
27 ga Afrilu, 1985.

Zuwa ga Rahmatu, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Yaya Kande da karatu? Yaya zafin Gusau? Ni alhamdu lillahi. Idan kin ji wani labari a bakin direbobi, ga yadda abin ya faru.

Tankar ta iso ranar Talata da hantsi, cike maƙil. Kafin ta tsaya labari ya zagaye Unguwar Lalle da sansani. Mata sunka fito da tuluna da ƙore da bokitai, a zatonsu ruwan agaji ne. Anka ja igiya anka tsare su a baya. Na ce wa Lawwali ya dubi mutanen nan, ko rabi ne a ba su. Ya ce in an gama, abin da ya rage nasu ne.

Anka tsayar da su Yero da fentinsu. Anka ta da inji, mutum biyu sunka ɗaga tiyo sama, ruwa ya tashi ya dawo kamar mamakon Agusta. Rahmatu, ƙanshin ƙasa ya bugi hancina, wanda rabona da shi wata takwas. Jarumin na tsalle da bindigarsa, yarinyar na juyi, ƙasa na shanye ruwa a gaban mutanen da ke wuni suna tonon yashi.

Ba a yi minti biyu ba igiya ta tsinke. Mata sunka kwararo cikin fili suna tara ƙore sama. Inno santsi ya kwashe ta, ta faɗi, ƙwaryarta ta fashe. Ba ta tashi ba. Ta kwance mayafinta ta shimfiɗa a taɓo, tana dannawa tana matsewa a cikin ɓarin ƙwaryar. Su mutanen ƙarfe kuma sunka tuɓe garwar kansu sunka juya ta suna tarar ruwa, yana zuba ta hudar ido.

Na ɗauka Lawwali zai ce a tsaya. Na waiwaya sai na gan shi ya karɓe na'ura da hannunsa, ya durƙusa kusa da Inno, fuskarsa na walƙiya. Da ta ɗago ta rufe fuska, ya kira ni ya ce, “Malam, gaya mata ta sake faɗuwa, ban samu farkon ba.”

Ban san lokacin da na isa gabansa ba. Na sa tafin hannuna na rufe idon na'urar. Daga nan na wuce wurin tanka na ce wa direban, wani bawan Allah mai suna Abu, ya kashe inji. Ya dube ni, ya dubi matan, ya kashe. Na kama bakin tiyo na sauke shi cikin tulun da ya fi kusa, na ce su yi layi. Abu ya sauko ya taya ni. Abin da ya saura bai kai sulusi ba, amma kowace mace ta koma da wani abu.

Lawwali ya yi ta faɗa, ya ce na ɓata mishi aikin shekara biyu, ban san fasaha ba, malamin firamare ne ni kuma a haka za ni mutu. Na ce na yarda. Na ce ya cire sunana da na littafina daga abin nan. Ya huce nan take, ya ce wannan mai sauƙi ne, kuma abin da ya ɗauka kafin in rufe ya ishe shi, ya fi duk abin da ya tsara. Washegari sunka ɗaure kaya sunka bar Isa. Sun bar akori-kurar da mushen a jere. Ba su wanke kowa ba.

Jiya Juma'a ban ga Yero a masallaci ba, shi da ba ya fashi. Da anka sallame na nufi sansani. Na same shi a bukka ya lulluɓa da bargo a cikin wannan zafi. Da ya buɗe, sai na ga fentin ya bushe ya tsattsage, kafaɗunsa duk sun yi bororo suna ruwa. Sauran ma haka. Ruwa ba ya fidda fentin, sun goga da yashi har fata ta saluɓe. Inno ta ce yara na gudunsa, jikarsa ta ƙi yarda ya ɗauke ta.

Na koma gida na juye kananzir ɗin fitila da na risho, na haɗa da kwalbar man gyaɗar da kika bari, da sabulu, da ruwan randarmu duka a jarka. Na ɗaura a keke na koma. Na tsugunna gaban Yero da tsumma, na kasa haɗa ido da shi. Na ce ya yafe mini, ni na kawo su. Na fara da kafaɗa inda ciwon ya fi, sai ya riƙe hannuna ya ce, “Malam, bar nan tukuna. Fara da fuska da hannuwa. Kwana bakwai ke nan ruwan alwala bai taɓa fatata ba.”

Na fara da fuska. Kafin la'asar goshinsa ya fito, da hannuwa har gwiwa, da ƙafafu. Ya karɓi buta ya yi alwala a hankali, sau ɗaya ɗaya don ruwa ya kai, ya tashi ya ta da salla da sauran azurfar a ƙirjinsa. Mutum huɗu na gama jiya. Saura takwas, kuma kananzir ya ƙare.

Don haka ki roƙa mini Alhaji ya aiko da galan guda ta hannun direban da ya kawo miki wannan takarda, da man ƙuna idan ana samu a kemis. Kada a jinkirta.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido mini ku lafiya.

Ni ne mijinki,
Maliki.