Kawu Ya Mai Da Ni Tafintar Motarsa

Assalamu alaikum Anti Tahira. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki, alhali manya ne ke kawo miki matsalolinsu. Don Allah ki taimake ni, ko da tawa za ta ba ki dariya.

Ina ajin ƙarshe na sakandare a wani ƙauye kusa da Makoda. Kawuna, yayan Innata, malamin allo ne, yana kuma sarin wake ya kai Dawanau. Bara ɗansa da ke aiki a Abuja ya aiko masa da mota mai amfani da lantarki, har da solar yi mata caji. Kusan komai nata a allon gaba ake taɓawa, kuma da Turanci. Kawu bai yi boko ba, amma akwai kai. Da ɗan ya nuna masa, sai ya haddace mazaunin kowane abu: fanka a ƙasa ta hagu, rediyo a sama, haka dai.

To watan jiya ya je Ɗambatta inda sabis ke da ƙarfi, yana masallaci motar ta sabunta manhajarta ita kaɗai. Ya fito ya tarar komai ya yi ƙaura. Ya taɓa wurin fanka, ashe abin ɗumama kujera ne ya koma can. Cikin zafin nan fa, Anti. Ya iso gida jiƙe sharkaf ya ce zazzaɓi ne, har aka dafa masa darbejiya. Kashegari a bakin kasuwa ya nemi rediyo, sai but ɗin bayan motar ya buɗe, zabin da zai kai wa surukinsa suka watse.

Tun daga ranar ya ce ba shi ba allon nan sai ina kusa. Ina cikin sa hijabin makaranta sai in ji hon a ƙofar gida, yana cewa a turo masa Injiniya, wato ni. Inna ba ta iya musa wa yayanta, Baba kuma ya ce ba ya shiga tsakanin kawu da 'yarsa. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗin zaman gaba, kuma yana saya mini fura mai sanyi. Amma jarrabawar fita ta matso, darussa sun wuce ni da yawa, har Malama Khairiyya mai koya mana kimiyya ta fara tambayar ko na daina karatun ne. Ni kuwa aikin jinya nake son karanta. Na sha shirya abin da zan faɗa masa, da na ga fuskarsa sai in gaishe shi kawai in shiga mota. Ina kuma tsoron in ƙi, ya taɓa wani abu a hanya ya ji ciwo, ya zama ni ce sila.

Yaya zan yi? In kin yarda, zan so in sake rubutowa in gaya miki yadda ta kaya.

Taki, Injiniyar dole

Wa alaikumus salam 'yata. Na yi dariya kam, amma matsalarki ba ta wasa ba ce.

Ki fara da fahimtar Kawu. Mutumin da ya saba shi ke koyar da wasu ba ya son a gan shi yana lalube a gaban jama'a, shi ya sa ya riƙe ki. Ya yarda da ke ne, kar ki ji haushinsa. Sai dai safiyarki ta makaranta ce, kuma jarrabawa ba za ta jira ki dawo daga Dawanau ba.

Ranar Asabar bayan la'asar a ajiye motar a inuwa. Ki duba wurin sauya harshe, wasu motocin suna da Larabci. In babu, ki zama malamarsa: ki nuna, ya maimaita, har ya zauna masa. Wanda ya haddace tsohon tsari zai haddace sabo. A kira ɗansa ya tuntuɓi waɗanda suka sayar da ita, su saita ta ta riƙa neman izini kafin ta sabunta kanta. Kada a hana ta gaba ɗaya, wani sabuntawar gyara ne.

Maganar faɗa masa kuwa, ba sai kin ce kin ƙi ba. Inna ta raka ki gidansa, ki gaya masa jarrabawa ta zo, kina neman addu'arsa, kina kuma neman ya bar miki safiyarki. Malamin da ba ya barin ɗalibinsa ya yi fashin karatun safe ba zai ƙi ba. Asabar da Lahadi ki ci gaba da shan furarki.

Ki rubuto, ina saurare. Allah ya ba ki sa'a, ya nuna mana ke cikin fararen kaya.