Fuskar 'Yar Baba

Maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan sai godiya.

Ka ce in bar kuka in koma ɗinki, to na koma. Sai dai akwai abin da na ɓoye maka. Wata bakwai da rasuwar 'yarmu 'Yar Baba, fuskarta ta fara ɓace mini. Hotunanta sun tafi da wayar da aka sace. In na rufe ido, rigarta nake gani da kitsonta, tsakiyar kuwa fayau.

Shi ya sa nake nemanta a jikin 'yartsana. Ka san aikin: a cusa auduga, a soka doguwar allura ta ƙeya ta fito a gurbin ido, a ja zare har hanci ya tashi. Goma sha ɗaya na yi, duk baƙi ne a gare ni. Ta sha biyun zare ya kuɓuce mini, kumatun hagu ya loɓa, sai ga 'Yar Baba tana kallona. Wallahi sai da na ajiye allura na gaishe ta.

Ka ci abinci, na san halinka.

Taka,
Mai 'yartsana

Maigidana,

Ina gaisuwa, ya aiki? Ka yi haƙuri da shiruna, ba lafiyar zuciya.

Ƙanwarka ta zo taya ni shara, ta ga 'yartsanar a kan tebur, ta haɗa da na sayarwa ta kai shago. Kafin in isa, an saye ta. Ban yi mata faɗa ba, ina ta sani?

Kwana tara ina bin layi kamar wadda ta zautu. Ranar Talata da la'asar na hango 'yartsanar goye a bayan wata yarinya, kan yana lilo, tana kallona har suka sha kwana. Na bi su gida. Uwar mutuniyar kirki ce, da ta ji labarin ta ce in ɗauka. Yarinyar ta ƙanƙame ta tana ihu. Na kasa.

Yanzu kullum sai na bi ta ƙofarsu. Fuskar ta yi dauɗa, zaren ya fara saki, kumatun yana cikowa. Kowace rana tana ƙara zama wata.

Jiya uwar ta ba ni aronta in gyara, zuwa ƙarshen mako. Na soka allura, hannuna ya tsaya cak. In na ja ya wuce, wa zan duba in daidaita? Tsoro nake ji, Maigida.

Don Allah ka nemi izini a wurin aiki ka zo kafin Asabar. Ni zan ja zaren a hankali, kai kuma ka ce mini ya isa.

Matarka