Wanda Ya Riga Na Allah

Litinin, 3 ga Nuwamba
Munira, jikata mai karatun injuna a Maradi, ta zo Gidan Amumune. Ta sake ma injin ɓarar gyaɗarmu haƙora, tana neman takardar da za ta shaida gyaran nata ne. Wai kowace irin wannan takarda sai ta ambaci waɗanda ta ɗauko daga gare su, su ma su ambaci na gabansu. Na ce wannan ai salsala ce, mun riga su. Duk kaka, ranar hura wutar gyaran injuna, ni ke jero tamu gaban maƙera: Ɗan Baba ya sa hannun icce, Altine ya sa raga, ubana Na Allah ya fara. Daga shi sai Allah.

Laraba, 5 ga Nuwamba
Ta bi salsalarsu cikin ordinatar, wato kwamfutarta, takarda na miƙa ta ga takarda. Ta nuna mani wani zane. Kwando mai lanƙwasa, hannu mai lilo. Namu sak. Wai na wani Bature ne, tun ubana bai yi kaciya ba.
"Angona, kada ka some mani," in ji ta.
Na ce ƙaryar boko ce.

Jumma'a, 7 ga Nuwamba
Tuwo ya ƙi shiga.

Talata, 11 ga Nuwamba
Na hau amalanke zuwa garin Sarkin Hausa wurin yayata Zara'u, mu biyu muka rage. Na ce, Baba ya taɓa ganin irin injin kafin ya ƙera nashi?
"Karyayye, bayan kantin masu sayen gyaɗa. Ya yi ta zagaya shi kamar mai neman aure. Kowa ya sani, kai ne ba a gaya ma ba, don bakinka."
Ta yi dariya har da tari. Tun ina saurayi nake faɗin abu gaban mutane, ashe...

Lahadi, 16 ga Nuwamba
Takardar Munira za ta ambaci Baturen. Baba ba shi da lambar takarda, don haka ba shi da gurbi. Ta ce in bar salsalata yadda take, wa zai tambaya?
Ba ta san aikin mai jero salsala ba.

Alhamis, 20 ga Nuwamba
An hura wuta. Na jero sunaye. Da na kai ga Na Allah na tsaya shan ruwa, Mamman Sani mai zuga wuta ya ƙarasa mani: "Daga shi sai Allah."
Na ce dakata, akwai wani. Sunan ya ƙi bakina, na ce wani Bature.
Baba dai shi ya tada karyayye.
Ƙarfen bana ba shi da kyau.