Gidajen da ke Ƙarƙashin Ruwa

Yaya Hasiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya zafin Birnin Kebbi?

Kin daɗe kina mini tsiya wai na shiga kwaleji koyon danne-danne. To, kwas ɗinmu na gina shafukan intanet ya kusa ƙarewa, an ce kowa ya gina nasa. 'Yan ajinmu duk kanti suka buɗe, wannan takalma, wancan busasshen kifi. Ni tsohon garinmu zan yi, wanda ruwan Kainji ya cinye tun ba a haifi Inna ba. Taswira ce, in kin danna gida sai sunan mai shi ya fito.

Kin san Kaka Ɗangana kaɗai ya rage wanda ya san gidajen nan ɗaya bayan ɗaya. Na je Wara na gaya masa, ya ce ba ya ba matar da ba ta yi masa tuwo labari. Duk da haka ya gyara zama, yana so mu fara nan take. Amma Malama Esther ta koya mana a fara gina shafi, a cika shi da bayanai na wucin gadi, in ya tsaya da ƙafarsa sannan a zuba na gaskiya. Na ce masa ya riƙe mini sunayen sai bayan damina.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Murjanatu

Yaya Hasiya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya jikin ƙaramar? Allah ya ƙara sauƙi.

Inna ta gaya miki hawan jini ya kayar da Kaka. Ya tashi, yana ci, yana magana, shi ya sa ta ce miki da sauƙi. Ni da na zauna da shi na san ba haka ba ne.

Na kai masa shafin a waya, ya yi kyau, komai na aiki. Na tambaye shi gidan wa ke kusa da masallaci, sai ya hau kallon tabarma. Na tambayi na bakin mashaya, nan ma bai tuna ba. Sai na yi dabara, na fara karanta masa sunayen da na ƙirƙira a aji don cike gurbi. Na zaci zai yi tsaki, ya ce ƙarya nake, ya gyara mini.

Yaya, bai gyara ko ɗaya ba. Duk wanda na kira sai ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya jiƙansa, hawaye na bin gemunsa. Da na zo kan Ladidi mai daddawa, wadda na ƙago wata rana da yunwa ta dame ni, ya ce ita ce ta goya shi yana yaro.

Na fita bayan ɗaki na yi kuka har na gode Allah. Malama ta ce saura in zuba sunayen gaskiya in miƙa. Ba ni da su, kuma babu wanda zan tambaya. Mutanen nan sun nutse karo na biyu, ina kallo.

Da zan dawo kwaleji a Yelwa ya riƙe hannuna, ya tambaya ko Ladidi na da rai. Ya ce in na gan ta in gaishe ta, na ce masa za ta ji.

Ki sa shi a addu'a, ki sa ni.

Taki,
Murjanatu