Robar Da Na Kai Wa Baduku

Zuwa ga maigidana, Malam, baban Isufu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, ina sanar da kai gida lafiya, yara lafiya, gero ma ya yi kyau bana. Yau wata bakwai ke nan da ka bar mu. Ka san sai da furfura ta fito mini na koyi boko a ajin manya, don haka ka yi haƙuri da karkatattun baƙaƙena.

Jiya Isufu ya sake wa motarka tayar ko-ta-kwana. I, motar tana nan da ranta, tana tari tana tafiya. Ya sayo sabuwa a Maraɗi, ya zare robar cikin tsohuwar, ya shigo da ita yana murna, wai Inna ga guga. Ni kuwa na shige ɗaki. Ya ɗauka kewarka ce. Kewar tana nan, amma akwai abin da ya fi ta nauyi, shi ne zan sauke maka yau.

Ka tuna shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu? Nasaran da kake tuƙawa wajen sayen gyaɗa ya haɗa kayansa, ya bar maka tsohuwar a-kori-kurarsa. Ranar da ka shigo da ita Cadawa har tsofaffi sun fito kallo. Kai kuwa ko fenti ba ka damu da shi ba, tayar ko-ta-kwana kake ta shafawa. Kullum maganarka ɗaya ce, mota ƙafa biyar gare ta, mai ƙafa huɗu gurguwa ce.

Ita ƙafar ta biyar ta tsufa, ta tsattsage kamar faso a diddigen manomi. Robar cikinta, wadda ake hura wa iska, faci ne kan faci. Ka ce da zarar ka samu hali za ka sake su duka biyun.

Lokacin ne gugan roba ya shigo gari. Da robar cikin taya ake ɗinka shi, ba ya wari, ba ya bushewa, ba ya nauyi. Ni kuwa da tsohon wasakina na fata nake zuwa rijiya, kafin ya iso sama rabin ruwan ya koma. Mata biyu ne suke da na roba a unguwarmu, kuma wallahi har tafiyarsu ta sake. Na dame ka da magana safe da yamma. Ka yi dariya ka ce ranar da ka sake taya, tsohuwar robar tawa ce.

Wata Alhamis ka dawo daga Maraɗi da sabuwar taya da sabuwar roba. Ka jingina tayar a zaure, ka rataye robar a ƙusa cikin ɗakinka. Washegari bayan Juma'a ka tafi gona yankan gero, kwana biyu.

Na shiga share maka ɗaki, na gan ta. Na ce wa kaina ai Malam ya cika alkawari, tsohuwar ce ya cire mini. Malam, ƙarya nake yi wa kaina. Baƙa wuluk take, ko faci ɗaya babu, har farar hoda na jikinta. Idona ya gani sarai, kwaɗayi ya ce kada in tsaya tambaya. Na naɗe ta cikin mayafi na kai wa Mamman baduku.

Shi ma sai da ya juya ta sau biyu, ya dube ni ya ce wannan fa ba ta taɓa shan ƙasa ba. Na ɗaure fuska na ce maigida ne ya ba ni. Ya sa wuƙa.

Da yamma na je rijiya ina yauƙi. Aka yi ta karɓar gugan ana yabawa, ni kuma ina cewa daga Maraɗi ka kawo mini. Sai da na dawo gida na ga ƙusar nan ba komai a jikinta, sannan na tuna za ka dawo ka neme ta. Na tura gugan bayan rumbu na rufe shi da kara.

Ka dawo daga gona ran Lahadi. Ina daka, ina satar kallonka ta ƙofa. Ka tsaya gaban ƙusar ka jima, sannan ka ce, da ƙarfi yadda zan ji, wataƙila a Maraɗi ka manta ta. Kai, Malam! Na kama maganar nan da hannu biyu, na ƙara wa taɓarya ƙarfi. Kai kuma ka zauna a zaure ka ƙara wa tsohuwar robar faci, ka sa ta cikin sabuwar tayar, ka ce za ta kai ka mako mai zuwa.

Ba ta kai ba. Ran Talata da hantsi saƙo ya iso daga Gangara, Iya mahaifiyarka jiki ya tsananta, kai take ta kira. Ka ce in goya Isufu mu tafi, in Allah ya so kafin azahar muna can.

Mun wuce Agye kaɗan kututture ya farke tayar baya, ya yaga robarta tsawon taƙi, ba ta facuwa. Ba ka damu ba, ka sa ta ko-ta-kwana, ka ce ai ranarta ce ta zo. Muka wuce Gazawa, muka shiga yashi, rana ta take. Sai muka ji fus, mota ta karkace. Zafi ya ɗaye facin nan duka. Ka yi faci a nan, ka hura, ta huce ta can. Sau uku kana yi, gumi na ɗiga daga gemunka.

Wani makiyayi ya baro shanunsa ya taya ka yankan ciyawa, kuka cusa cikin tayar har ta cika. Haka muka ci gaba, mota na ɗingishi, mai jaki ma sai da ya wuce mu. Ina gefenka da yaro a cinya, ina so in faɗa maka gaskiya. Na buɗe baki ya fi sau biyar, na rufe.

Bayan la'asar muka shiga Gangara. A bakin gari muka haɗu da maza suna dawowa, wasu da fartanya a kafaɗa, biyu na ɗauke da makara ba kowa a kai. Ka kashe mota, ka riƙe sitiyari, ka yi salati. Daga baya ƙanwarka ta ce da azahar Iya ta cika, kuma tun safe ko iska ta kaɗa sai ta tambaya ko motar ce.

Kowa ya yi maka ta'aziyya da cewa haka Allah ya rubuta, kai ma haka ka ce. Na sani ajali ba ya jiran taya. Amma da robar nan tana cikin tayar, da ka same ta da rai, da ta riƙe hannunka ta sa maka albarka. Ni na raba ka da wannan, saboda guga. Ina jin kunya, ina jin ciwo, har yau.

Gugan kuwa ban ƙara jan ruwa da shi ba. Na ba wata mai tallar nono da ke wucewa, na koma wa wasakina. Bayan shekara, da ka sake wata roba, kai da kanka ka kai aka ɗinka mini guga, ka ajiye a ƙofar ɗakina ka ce alkawari kaya ne. Na karɓa na yi godiya, na ci gaba da yin shiru shekara da shekaru, ina ganin na tsira.

Da na fita takaba aka ba ni ƙaramin akwatinka na ƙarfe. Carbinka na ciki, da takardar tuƙinka, da wani ƙullin tsumma. Na kwance, sai ga ɗan bakin tagullan nan da ake hura wa roba iska, da guntuwar baƙar roba kewaye da shi, yankan wuƙa.

Na tafi wajen Mamman. Ya tsufa, ba ya gani sosai, amma yana shafawa ya gane. Ya ce ran Lahadin da ka dawo daga gona ya tare ka a hanya ya miƙa maka, don ya ga abu ne mai amfani ga mai mota. Ya ce ka duba, ka sa a aljihu, ka roƙe shi kada ya faɗa mini.

Ashe yana aljihunka lokacin da ka tsaya gaban ƙusar. Ashe ka sani a cikin yashin nan, kana cusa ciyawa, ina zaune kusa da kai. Ka sani a bakin Gangara. Ko sau ɗaya ba ka goranta mini ba, ko a ranakun da na ɓata maka rai, kuma ka san bakina, ranakun suna da yawa. Da ka yi mini faɗa, Malam, da ya fi mini sauƙi.

Yau da safe na kira Isufu na faɗa masa duka. Na sa ya hura sabuwar tayar a gabana, na danna ta da yatsa na ji ta yi tauri, sannan na bar shi ya fita.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya rufa maka asiri ranar tsayuwa yadda ka rufa mini. Allah ya jiƙan Iya, ya haɗa ku inda ba a makara. In kun haɗu, ka ce mata ba kai ka ƙi zuwa ba.

Ni ce na kai wa baduku, Malam. Ka riga ka sani, amma ban taɓa faɗa da bakina ba. Ka yafe mini.

Matarka,
Dije, daga Cadawa.